Yadda Na Cire Mai Gadi Daga Wayar Alhaji

Ba zan faɗi sunana ba, domin ina da 'ya'ya a makaranta. Ni ɗan ƙauyen Darini ne, mahaifina manomi, kuma mai jan salla a unguwarmu. Na yi sakandare ban gama ba. Bayan rasuwar mahaifina, amininsa Alhaji Isa, mai sayen hatsi a Safana, ya kama mini rumfa a kasuwar Batsari. Ina cajin waya, ina tura wa mutane wa'azi da waƙoƙi, ina ɗan gyara. Abin yana ciyar da ni da mahaifiyata. Babu yunwar da ta kai ni ga abin da na yi.

Zan jero muku yadda na lalace, daki-daki.

Na farko, leƙe. Mutum ya bar wayarsa a caji ya shiga kasuwa, ni kuwa in buɗe hotunansa in yi ta kallo. Na ce ai ban ɗauki komai ba.

Na biyu, ƙarya. Bafulatani ya kawo waya tana nauyi, in girgiza kai in ce, "Kawu, bayiros ya cinye ta." In goge tarkace kawai, in karɓi kuɗin magani.

Na uku, wani baƙo da ake kira Dogo. Ya riƙa zama a rumfata yana saya mini shayi. Shi ya ba ni wata manhaja da ake ɓoyewa a cikin waya, tana turo maka saƙonnin mai ita, rubutattu da na murya. Wata rana ya ce, "Alhajin nan naka na Safana, ranar da zai tafi sayen gero kawai nake son sani. Muna son mu riga shi kasuwa." Kowa a ƙasarmu ya san masu tambayar ranar tafiyar mutum. Ni ma na sani. Na yi kamar na yarda da zancen kasuwar.

Da Alhaji ya kawo babbar wayarsa in sa masa karatu, sai na gwada dasa abin. Wayar ta ƙi. Jan rubutu ya fito, ta goge abin nan take. Ashe 'yarsa Hadiza, mai karatun jinya a Katsina, ta sa masa kariya iri biyu.

Ku natsu a nan, domin da wannan sanin na cuci mutum. Ta farko ita ce antibayiros. Ba ta barci, duk abin da zai shiga sai ta duba shi, kamar mai gadin bakin ƙofa. Ta biyu ana ce mata antimalwaya, kuma irin ta kyauta ce. Ta fi iya tono abin leƙen asiri da ya riga ya ɓuya, amma ba ta motsi sai an danna ta. Na san Alhaji ba zai taɓa danna ta ba. Kira ma sai an nuna masa koren maɓallin da zai danna.

Na ce, "Baba, wayar nan tana wahala."

Ya ce, "Mi ya same ta, ɗan Malam?"

"Magani biyu aka haɗa mata, suna faɗa da juna, suna shanye batir. Tsohon yayin nan ba a amfani da shi yanzu. Wannan sabon ya isa."

"Bari dai in tambayi Hadiza."

Na yi dariya na ce, "Baba, Hadiza allura ta sani. Ni ka taɓa ganin na yi wa mutum allura?"

Ya yi dariya har da buga sanda. Ya ce, "Ja'iri, bakin ubanka ka ɗauko. Cire ɗaya, amma ka bar mini ɗaya kada ta yi mini faɗa."

Na cire mai gadin, na dasa abin Dogo, na sa masa karatun da ya nema. Ya sa mini albarka ya tafi.

Ranar da na ji ya tura wa direbansa Musa saƙon murya cewa su shirya zuwa ƙauyen Yasore sayen gero, na faɗa wa Dogo. An tare su a hanya. Musa ya yi ƙoƙarin juya mota, suka harbe shi. Alhaji kuma suka shige da shi daji. Na je ta'aziyyar Musa, na zauna a tabarma, na ɗaga hannu na yi addu'a tare da jama'a.

Alhaji yana da ɗabi'a: in zai shiga ƙauye, ƙaramar waya yake ɗauka, babbar ya bar ta gida. Hadiza ta zo, ta ɗauke ta tana neman lambobin abokan kasuwancinsa. Ta ga babu antibayiros ɗin da ta sa. Sai ta danna ɗayar, wadda na raina na bari. Ita ta fito da abin da na dasa. Ta tambayi mahaifiyarta wa ke taɓa wayar Baba. Mutum ɗaya ne.

A kotu ban yi gardama ba. Dogo ba a gan shi ba har yau. Ina gidan yari aka sayar da gonakin Alhaji aka karɓo shi, ƙafarsa ɗaya ta lalace. Ina can mahaifiyata ta rasu, an ce ta daina fita ko biki.

Da aka sake ni na tafi Safana. Na same shi a zaure, na durƙusa. Wayarsa tana kan tabarma. Da ya gane ni, ya miƙa hannu a hankali ya tura ta ƙarƙashin cinyarsa. Dukan da na sha a hannun 'yan sanda bai yi mini zafin wannan ba.

Na ce, "Baba, ka yafe mini."

Ya ce, "Nawa na yafe, saboda Malam. Na Musa ba nawa ba ne. Gidansu na bayan masallaci, marayunsa suna ciki."

Na tuba ga Allah, yanzu dako nake yi, ba na taɓa wayar kowa. Ga gargaɗina gare ku, matasa.

Ɗaya, kada sunan manhaja ya ruɗe ku. Ku tambaya: tana gadi kullum, ko sai an danna ta? In sai an danna ta ne, ba ta maye gurbin antibayiros ba. Ku bar mai gadi a ƙofa, ku riƙa danna mai bincike lokaci-lokaci. Biyu, duk mai gyaran da ya ce ku cire kariya, ku karɓi wayarku ku tashi, ko da kun san ubansa. Uku, in amanar waya ta zo hannunku, kada ku buɗe ko hoto ɗaya. Ni daga hoto na fara.

Na sha zuwa bayan masallacin nan. Ina ganin ƙofar, ina jin muryar yaran a ciki. Har yau ban iya yin sallama ba.