Waƙar da Ba Ta Fita Sai da Taɓarya

Da sunan Allah muka bar gida, ni da ƙanwata Rabi, ana idar da sallar asuba, gari bai gama wayewa ba. Waƙa ce ta tashe mu daga Tawa, wadda duk Adar ake kira "Ɗiyar Mai Rijiya". Wani tsoho mai gurmi ne ya fara kai ta gidan rediyo muna yara. Daga baya samarin Buzaye suka sa mata gita, suka mayar da rabinta Tamashek. Yanzu kuma wani mawaƙin Yamai ya sake ta da fiyano, tana cikin kowace waya. Dukansu wuri ɗaya suke tsayawa.

Marigayiya mahaifiyarmu, Hajo, takan ce waƙar dakan ƙauyensu ce, kuma akwai baitin ƙarshe mai ɗauke da sunanta, amma kunya ba ta taɓa barinta ta rera mana ba. Mutum ɗaya ta rage da ta san shi: ƙawarta Inna Tabawa, can gaba da Barmu, wadda muka ji tsufa ya kama ta sosai.

Tawa zuwa Barmu

Motar 'yan kasuwa muka samu, mu da buhunan albasa. Muna fita gari direba ya kunna waƙar, ta mai fiyanon, sannan ya waiwayo.

"Malam, in kashe? Na ga carbi hannunka."

"Bar ta, ɗana. Waƙar uwata ce."

"Kowa haka yaka cewa!" in ji shi, mota ta ɗauki dariya.

A shingen jandarmomi an duba katinmu, aka yi mana fatan alheri. Da hantsi muka sauka Barmu, muka sha fura mai nono sosai, Rabi ta sayi cuku na tsaraba. Daga nan babura biyu suka ɗauke mu ta hanyar duwatsu, ina ta salati, mai babur yana ta ba ni haƙuri.

Ƙauyen su Inna

Mun tarar da ita a inuwar rumbu. Ta shafa fuskar Rabi, ta ce, "Ɗiyan Hajo! Wanga mai farin gemu shi na jinjirin da ya hana mu barci?"

Bayan la'asar na shimfiɗa mata tabarma, na ajiye waya a gabanta don ɗaukar murya, na roƙe ta baitin. Ta fara da murya siririya, ta zo daidai inda mawaƙa ke tsayawa, ta yi shiru. Ta sake, ta sake yin shiru.

"Ya ɓace, ɗana. Kullum ta rediyo nika ji, har ta cinye tawa."

Ni na kwana a zauren ɗanta, Rabi a ɗakin mata, na bar wa Allah lamarin.

Da safe ina shan kunu, surukan Inna biyu suka hau dakan gero. Inna ta karkata kunne, ta ɓata rai.

"Wanga lugude gurgu ne. Waƙarmu ta taɓarya uku ce. Rabi, tashi!"

"Inna, ni fa inji nake kai wa."

"Shi ya sa hannunki kamar na jariri. Tashi, 'yar birni!"

Rabi ta ɗaure zane, ta karɓi taɓarya. Da farko karo suka yi ta yi, mata suna ihun dariya. Can dai duka ya daidaita, ɗaya na bin ɗaya. Inna ta dafa sanda ta miƙe, ta fara waƙar daga kai, kowace kalma tana sauka tare da taɓarya. Da ta zo wurin nan ba ta ko ja numfashi ba, ta wuce:

"Hajo ta bi miji Tawa,
Turmi ya yi mana faɗi.
Allah ba ta ɗiya mace,
Ta zo ta cike gurbin daka."

Rabi ta tsaya cak, hawaye na zuba, tana dariya.

"Wa ya ce ki tsaya?" in ji Inna. "Tun ina budurwa nika jiranki. Daka!"

Komawa

Sai da geron ya zama gari Rabi ta ajiye taɓarya, baitin ya zauna mata daram. Aka dama mana fura da shi, aka cika mana kwalla ta hanya. Inna ta raka mu bakin danga tana sa albarka, ta ce wa Rabi ta dawo lokacin girbi, akwai aiki.

Ana kiran magariba muka shiga Tawa. Tafin hannun Rabi duk ya ɗuri ruwa, ko buta ba ta iya riƙewa, ni na zuba mata ruwan alwala. Muka yi wa Hajo addu'a, muka gode wa Allah da ya kai mu da sauran lokaci, ya kuma dawo da mu lafiya.