Fuskar da Na Gani a Wayar Maƙwabciya

Lokacin da abin ga ya faru ina goyon ɗiyata ta fari, ba mu daɗe da baro ƙauyenmu na wajen Kurawa muka koma Isa ba saboda 'yan bindiga. Ban yi karatu mai nisa ba, amma ina da lura. Tsorona kullum ba na mutanen daji ba ne kaɗai, har da wanda ke zaune cikinmu yana kai musu labari, don kowa ya san ba su shiga gari sai da ɗan gari.

Ana haka wani baƙo ya kama ɗaki a gidan da ke jikin namu. Ya ce a da shi ɗan wasan kwaikwayo ne, ya gaji da fitowa a finafinan wasu, ya sai da motarsa ya sayi kyamara don ya shirya nasa a kan mutanen da aka raba da gonakinsu. Mutum ne mai raha, in ya ga ɗiyata sai ya ce ga amaryarsa, wai ina tuwonsa. Ni dai ban saki jiki ba. Na lura yana yawan tambayar wace hanya ke ɓullewa garin Gangara, wa ya gudo, wa ya rage. Ranar kasuwa kuma na hango shi tsugune cikin masu shanu suna Fillanci, suna dariya.

Rannan a gidan suna wata maƙwabciya ta nuna mana guntun bidiyo a wayarta, ba farko ba ƙarshe. Sai ga baƙon nan, rawani ya rufe haɓa, bindiga a kafaɗa, yana daka wa wani tsoho tsawa. Har tabon girarsa na gane. Na gaya wa maigidana, shi kuma ya kai wa 'yan sa-kai.

Da hantsi suka fiddo shi waje. Ya yi ta rantsuwa cewa tsohon fim ne, saboda wanga tabo ne kullum ake sa shi fitowa a mugu, ba wanda ya saurara. Sai da wani direban motar Sakkwato ya kutsa ya ce ya kalli fim ɗin, sannan aka ja baya. Kafin nan an karya masa hannu, an ragargaza kyamarar da duk abin da ya ɗauka. Daga baya na ji har da bayanin matan da aka kashe wa maza, ciki da innata, wadda ba ta taɓa iya faɗa wa kowa abin da ta gani ba sai shi.

Ranar da zai tafi ya tsaya ƙofarmu da hannu a ɗaure. Bai ɗaga murya ba. "Ƙanwata," ya ce, "da kin tambaye ni, da na nuna miki fim ɗin tun daga farko."

Har yau in na ga baƙo gabana na faɗuwa, ba za ni yi ƙarya ba. Amma na gane a ƙasarmu yanzu, ambaton sunan mutum kaɗai na iya yanka masa likkafani. Don Allah mai karatu, kar ka kai ƙarar kowa da rabin abin da ka gani. In kuma ka san wani mai shirya fim da hannunsa na dama bai miƙewa, ka ce masa ina roƙon gafara.