Ranar da Aka Kwance wa Iya Goyo

Ku matso kusa, ku gyara zama, ku ji labarin Iya mai wanki.

Da wanki ta raini 'ya'yanta. A zamaninta ita kaɗai take matse jiƙaƙƙen bargo, har maƙwabta kan ce kada Allah ya haɗa kunnenka da hannun Iya. Da girma ya zo, ɗanta direba ya ɗauko ta gidansa, aikinta ya koma goyon jikanta, wani ɗan lukuti da take kira maigidanta. Goyon nan shi ne abin da ya rage mata a duniya.

Sai jiki ya fara cin amanarta. Riga ta yi mata yawa, murfin kwalba ya gagare ta, ba ta tashi sai ta dafa. Ta kuwa iya ɓoyewa, kullum a gindin bango take zama. Ranar da ta durƙushe a bakin famfo da yaro a baya, surukarta na kallo ta taga.

Washegari direba ya kai ta ƙaramin asibitin unguwa. Benci cike da tsofaffi, wannan da sanda, wancan jingine da ɗansa. Iya ta taɓe baki ta ce, "Allah sarki, tsofaffi!"

Nas ta auna jini ta ce lafiya lau. Sannan ta jawo kujera tsakiyar ɗaki, nesa da bango.

"Iya, zauna. Rungume hannuwanki a ƙirji. To, tashi mu gani."

"'Yar nan, da ni za ki yi wasan yara?"

Ta yunƙura, kujera ta riƙe ta. Ta sake, gumi ya keto. Wani tsoho da ke leƙe daga ƙofa ya ce, "Baiwar Allah, haƙura, mu ma a nan aka kayar da mu!" Benci ya kwashe da dariya.

"Ba ciwo ba ne," in ji nas, idonta na kan layin masu jira. "Raunin tsufa ne, kullum da irinsa bencin nan yake cika. Ta ci abinci mai gina jiki, ta riƙa motsawa, kada a bar ta zaune."

Direba bai ji komai ba sai "rauni".

A gida Iya ta miƙa hannu za ta ɗauki majanyi, suruka ta riga ta.

"Iya, ki huta. Wanda bai ɗauki kansa ba, ina zai ɗauki wani?"

Aka ɗauko mai raino. Aka mayar da Iya ɗakin baya, aka hana ta ko ɗaga buta, wai kulawa ce. Zama ya cinye ɗan ƙarfin da ya saura. Kafin yaron ya iya tafiya, ita ta daina. In baƙi sun zo dubiya, direba kan girgiza kai ya ce, "Kun gani ko? Da ma nas ta faɗa."

To, ku da kuke saurare, wa ya kwantar da Iya, tsufa ko masu tausayinta?