Garmar da Ta Ƙi Sauka

Shekarar da na koma ƙauyenmu, can bayan Garuwa, don in kama wa Baba noma, tarakta ta kusa haukata ni. Ruwan shuka ya sauka, kowa ya duƙufa a gonar auduga, mu kuwa garmarmu ta maƙale a sama. Hannuwan ƙarfen da ke bayan tarakta sun ɗaga ta, sun ƙi sauke ta.

Na duba mai, a cike yake. Na ja liba mai sauke garmar gaba da baya har tafin hannuna ya yi bororo. Na hau garmar ina tsalle a kanta kamar mahaukaci, ko gezau. Kwana biyu ina wanka da baƙin mai, Baba yana gindin darbejiya, abin da kawai yake cewa shi ne, "Sannu da ƙoƙari."

Rana ta uku na hau babur har Garuwa na ɗauko makanike. Mutumin ko akwatin kayan aikinsa bai buɗe ba. Ya zura hannu ƙarƙashin kujera, ya murɗa wani ɗan abu mai kama da kan famfo, sai ga garma tana saukowa a hankali.

Ya dubi Baba ya ce, "Alhaji, wannan ai da hannu aka ƙulle shi."

Baba ya shafa gemu. Ashe surukinsa ne ya aiko neman aron tarakta, shi kuma kunya ba ta barinsa ya ce wa suruki a'a. Sai ya ƙulle, ya aika cewa ta lalace.

Na ce, "Haba Baba! Ni me ya hana ka gaya mini?"

Ya ce, "Da na gaya maka, wa zai yarda ta lalace? Ai tsallenka suka gani."