Gefen Littafin Bayahuden Tarabulus

Ku da kuke koyon dukanci a hannuna, akwai ranar da har yau ba ta fita raina ba. A Matameye ne, 'yan shekaru kafin Nasara su shigo Damagaram, ina ganin kaina gwanin ɗinka wa littattafan malamai fata.

Wani ayari mai zuwa Kano ya sauka garin. A cikinsu akwai wani dattijo, Ishaƙa, Bayahuden Tarabulus, mai jin Hausa kaɗan-kaɗan. Ya kawo mini littafi duk ya warware, gefensa ya cinye. Ban taɓa ganin irinsa ba. Ba rubutun alƙalami ba ne, bugun ƙarfe ne, harufa a tsaye kamar an jera tubali.

Ya ce, "Harshen kakannina ne. Malaman Nasara ne suka koye shi, suka buga wannan tun da daɗewa. A ciki ubana ya koya mini karatu. Gyara mini shi, baduku, ɗana zan bar wa."

Ko harafi ɗaya ban iya karantawa ba. Amma a ƙasan kowane shafi akwai kalmar da ke buɗe na gaba, kamar a namu littattafan, sai na bi siffarta na jera su. Kwana uku ina yi. Daga nan na ga gefen ya yi kaca-kaca, ga wasu ƙananan zane-zane na tawada, sai na ɗauka datti ne. Na sa wuƙa na daidaita shi, aka share guntayen aka zuba a murhu.

Da Ishaƙa ya zo karɓa ya shafa sabuwar fatar da na sa wa littafin, ya yi murmushi. Ya buɗe, sai murmushin ya ɗauke. Ya daɗe yana juya shafuka.

"Ina rubutun gefe?"

Na gaya masa gaskiya.

Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Na tsakiyar akwai irinsa a wasu garuruwa. Na gefen hannun ubana ne. Har sunayen matattunmu suna ciki, ni kuwa na fara mantuwa."

Ya rungume littafin ya fita, washegari ayari ya tashi. Ban sake jin labarinsa ba.

Tun ranar, ko tsumma aka kawo mini, sai na tambayi mai shi kafin in taɓa wuƙa. Mai kaya ne ya san inda ransa yake a jikin kayansa, ba mai gyara ba.