Ranar da motar Kawu ta dafa miyar kuka

Ko tsufa ya kwashe mini komai daga ka, ba na jin zai iya kwashe ranar aurena. Ba don daɗin biki ba, a'a, don abin da motar kawuna ta yi mini a hanyar Ƙarfi.

'Yan shekaru ne bayan samun mulkin kai, ina koyarwa a wata makarantar mishan kusa da Funtua. Yarinyar da zan aura 'yar Ƙarfi ce, an sa za a ɗaura mana aure a majami'ar garinsu ranar Asabar da ƙarfe goma na safe. Auren coci kuwa ba a yin sa sai ango na tsaye da ƙafarsa. 'Yan'uwa sun yi gaba tun ranar Juma'a. Ni kawuna ya riƙe, ya ce ba za a ce yana da mota ɗansa ya je wurin aure a bayan akwala ba.

Motar wata a-kori-kura ce ta hannu, ya saye ta wurin wani Bature da zai koma gida. Kawu tsohon soja ne, ya taɓa wanke motocin bariki, tun daga nan yake ganin babu abin da bai sani ba a cikin inji. Motar kuwa ta jima tana kuka. Kullum sai an cika mata ruwa, salansa na fitar da farin hayaki, da safe sai ta yi ta tari kafin ta tashi. Wani bakanike a tasha ya ce masa ya kawo ta a buɗe kan injin. Kawu ya ce, "Bayan biki. Ƙishirwa ce kawai, ai ko jaki yana shan ruwa."

Muka tashi da hantsi mu uku: Kawu a sitiyari, ni a gefe cikin farin kwat ɗin da tela ya kwashe mako biyu yana ɗinkawa, sai gwaggona a baya da kayan miyar biki, garin kuka da barkono da ƙwan zabi, da tulun ruwa biyu.

Kafin mu kai Bakori motar ta shanye tulu ɗaya. Da muka wuce, ta shanye na biyu. Can a wani fili, ba gida gaba ba gida baya, sai tururi ya turnuƙe daga gaba, injin ya yi wata shaƙuwa ya mutu.

Kawu ya fito ya ɗaga bonet, ya leƙa, ya gyaɗa kai kamar likita. Ya ce lagireto ne, wato tankin ruwan da ke sanyaya inji, ya huje. Na duba ƙasa ban ga ɗigon ruwa ko ɗaya ba, amma wa zai yi musu da kawunsa ranar aurensa? Na ɗauki tulu na gangara wani rafi, ina tattare ƙafar wando.

Da na dawo na iske shi yana kwance ƙunshin Gwaggo.

"Malam, me kake nema a kayana?" in ji ta.

"Ƙwai biyu da barkono. A soja haka muke yi. Ƙwan ya dahu ya toshe hujin."

"To, kukar fa da ka ɗiba?"

"Wannan dabarata ce. Yauƙinta zai bi duk wani lungu ya liƙe."

Gwaggo ta riƙe haɓa ta ce, "Saura daddawa da gishiri, sai mu tuƙa tuwo."

Bai kula ta ba. Ya fasa ƙwai cikin lagireto, ya zuba barkono, ya bi da tafi uku na kuka, na cika da ruwa. Motar ta tashi. Kawu ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, gashin bakinsa har rawa yake.

Ba mu yi mil biyu ba muka fara atishawa. Gwaggo na tari tana hawaye, ni ina toshe hanci da hankici. Gaban motar ya soma wata ƙara kamar tukunya a kan murhu. Muka sake tsayawa. Yanzu na san ba a buɗe murfin lagireto da zafinsa, amma a lokacin ni da Kawu duk jahilai ne, bambancin kawai shi bai san cewa bai sani ba. Ya naɗe hannu da tsumma ya murɗa murfin, ya yi tsalle gefe irin na tsohon soja. Ni kuwa ina tsaye riƙe da tulu.

Allah ya taimake ni abin da ya feso daga lagireton ya yi sama sosai kafin ya sauko, ya ɗan huce. Amma ya sauko ɗin. Tun daga kaina har takalmi na zama kore shar, yauƙi na zuba daga hannun kwat, ga guntun dafaffen ƙwai a kafaɗa. Na duba agogo, goma saura kwata. A nan ne dariya ta ƙare mini. Uban yarinyar dama bai so ni ba da farko, ya ce malaman makaranta ba su da alkawari. Na san yanzu yana zaune a gaban coci yana duban hanya.

Muna cikin haka sai ga babbar mota ɗauke da auduga za ta Malumfashi. Direban, wani dattijo mai farin gemu, ya tsaya ya sauko yana shaƙar iska.

"Salamu alaikum. Wa ke miya a bakin hanya?"

Kawu ya fara bayanin soja. Dattijon bai katse shi ba. Da ya gama, sai ya zaro ƙarfen gwajin baƙin mai ya nuna mana. Man ya koma fari-fari kamar koko.

"Maigida, lagiretonka lafiya lau yake," in ji shi. "Gasket ne ya ƙone. Wani falle ne tsakanin kan inji da gangar jikinsa, shi ke raba ruwa da mai da wuta. Da ya ƙone, ruwan da kake zubawa cikin inji yake shiga, ya fita ta salansa. Ko kukar kasuwar Funtua ka juye mata duka, sai an buɗe an sa sabo. In ka ƙara tuƙa ta, kan injin ne zai lanƙwashe."

Kawu ya ce, "Dama na yi zargin haka."

Gwaggo ta ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Malam."

Da dattijon ya ji ni ango ne, ya ce mu hau maza. Kujera ɗaya ce ta rage a gaba, aka ba Gwaggo. Kawu ya zauna gadin motarsa. Ni na haye can sama kan buhunan auduga, waɗansu duk sun yage, na kwanta rub da ciki na riƙe igiya. Abin da ban yi tunani ba shi ne yadda auduga ke son yauƙi.

Sha ɗaya ta wuce muka tsaya a ƙofar majami'a. Mutane sun fito waje, mata sun daina waƙa, wasu har sun fara cewa ango ya gudu. Na diro daga sama, fari fat da ɗigon kore, kamar tunkiyar da ta faɗa tukunya. Wata tsohuwa ta yi salati irin na maƙwabtanta Musulmi ba ta sani ba. Amarya ta leƙo ta taga, ta gane ni, ta durƙushe da dariya har ƙawayenta na riƙe ta.

Surukina ya tako a hankali ya tsaya gabana. Ya shaƙi warin barkono, ya yi atishawa. Gwaggo ta ba shi labari a gurguje. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "A haka ka zo?"

Na ce, "Baba, a haka na samu zuwa."

Sai ya tuɓe babbar rigarsa ya miƙo mini, ya ce a kai ni bayan coci a ba ni ruwa da sabulu. A cikin rigarsa aka ɗaura mini aure, shi yana zaune da 'yar ciki. Daga ranar bai ƙara faɗin wata magana a kan malaman makaranta ba.

Motar sai da aka jawo ta zuwa Funtua. Bakaniken ya sa sabon gasket a yini ɗaya, amma ya kwana uku yana wanke miya daga cikin lagireto.

Abin da na koya shi ne, in abu ya fara nuna maka ba shi da lafiya, mota ce ko jiki ko zaman gida, kada ka ce sai bayan biki, kada kuma ka yi masa magani kafin ka san ciwon. Ka nemi wanda ya sani tun da wuri. In kuwa babba ya dage shi ne masani, ka girmama shi, amma ka tsaya nesa da murfin.