Randar da Kulu Ke Gini a Kanta

A Kankia, zamanin Turawa, in ka sha ruwa mai sanyi a gidan mutum, to da wuya in ba randar Kulu ba ce. Tsohuwa ce gajera mai faɗa, yumɓu kuwa sai ta ɗanɗana shi da harshe kafin ta yarda ta kwaɓa. Zanen da take yi a wuyan tukunya a jikin ƙoren Fulani masu tallar nono ta gano shi, ko da yake in ka faɗa mata haka sai ta ci mutuncinka.

Asirin aikinta wata tsohuwar randa ce da uwarta ta gina a Bauranya. Kife ta take yi, ta barbaɗa toka, ta shimfiɗa yumɓu a gindinta tana bubbugawa har ya ɗauki siffa. Duk abin da ta gina shekara arba'in, a kan randar nan aka haife shi.

Da damina aka kawo sabon dubagari, Mamuda, wanda in ya ga tsutsa a ruwan randa ba ya jin magiya, sanda kawai yake sa mata. Ran nan da hantsi Kulu ta ji sallamarsa a zaure. Sai a lokacin ta tuna ta bar randar a tsaye bayan ɗaki kwana tara, ruwan sama ya cika ta rabi. Ta leƙa. Tsutsa na ta wutsil-wutsil.

Gabanta ya faɗi. Randar da sai mutum biyu ke juyawa, ita kaɗai ta rungume ta, ta kife da ƙarfi. Ta watsa busasshen yumɓu a ruwan da ya malale, ta hau takawa.

"Inna, mi ya jiƙa wurin nan haka?" in ji Mamuda.

"Kwaɓi nike, ɗan nan. Da yawu kake so in kwaɓa?"

Ya zagaya, ya leƙa tulu, ya ɗora sandarsa a gindin randar, ya daɗe yana kallon Kulu. Sannan ya fita.

Ta yi hamdala. Ta durƙusa ta ƙwanƙwasa randar da yatsa. Maimakon amon da ta sani tun tana yarinya, sai ta ji wani sauti a dushe. Ta bi da tafin hannu, ta sami tsagar tun daga baki har gindi.

Kulu ta zauna cikin taɓon. "Inna, ki yahe mani," ta ce, tana tuna uwarta. "Ba shi ba ne, ni ce."